Firiza a Ɗakin Baba Magini

Da bakina na ce a nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan a sa firizar a ciki. Gara in fara da wannan, don kada a ce mai sola ya wanke kansa tas ya shafa wa wasu baƙin fenti. Shekara goma sha ɗaya ina haɗa wa mutane wutar rana, kuma duk gidan da na kai firij ko firiza maganar da nake yi ke nan, har na haddace ta. Ban taɓa tsayawa na tambayi wa ke kwana a ɗakin ba.

Gidan yana can bayan gari, inda turakun wuta suka ƙare tun kafin a kai. Mai gidan na asali wani tsoho ne da kowa ke kira Baba Magini, don gini ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, sannan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Hannun dama da ƙafar dama sun daina jin magana, amma kansa garau yake, bakinsa kuwa ya fi nawa kaifi. 'Yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ita ta kira ni ta ce in sa wa mahaifinta sola: fitilu, fanka ta tsaye a gefen gadonsa, da ƙaramin firij don ya riƙa samun ruwan sanyi. Na ɗora faranti huɗu na sola a kan rufi, na ajiye batir biyu da inbata daidai ƙarfinsu. Zaɓen firij ɗin ne ta bar wa yayanta, tunda shi ke zaune a gidan da matarsa.

Yayan nan Manaja ake ce masa. Ya taɓa riƙe wani gidan mai na wata bakwai, gidan man ya rufe, sunan ya zauna daram.

Tare muka je shagon kayan sanyi. Na nuna masa wani ɗan firij mai ƙofa ɗaya, tsayinsa iya ƙugu, irin wanda ke sha kai tsaye daga batir, na ce wannan ko rana ta yi kwana biyu a ɓoye ba zai dame shi ba. Ina magana ina waigawa, ashe ni kaɗai nake wa kaina bayani. Manaja yana can ƙuryar shago ya ɗaga murfin wata ƙatuwar firiza ta hannu, irin ta kwance, ya zura kai ciki kamar mai leƙen rijiya. Ya fito idonsa na ƙyalli ya ce duk unguwarsu babu mai ƙanƙara, mata masu sayar da abin sha sai sun shiga gari da kula a ka. Mai shago kuwa ya samu abin da yake so, ya rantse ya kuma rantsewa cewa firizar nan ko ƙwan fitila ya fi ta shan wuta.

Na ce masa batir biyu za su sha wahala. Ya ce shi ba wahalar batir ya tambaye ni ba.

"Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

"Za ta tashi," na ce, "in an sa ta a ɗakin da ya fi sanyi, in an bar mata fili a baya iska na wucewa, in ba a yawan buɗe ta, in an rage kaya a kan batir."

Ya ɗauki "za ta tashi" ya sa aljihu, ya bar mini sauran in riƙe. Muna ɗaure ta a bayan mota ya ce ai Baba ma gaba ta kai shi, ƙanƙara zai sha har ya gaji.

Ɗakin da ya fi sanyi a gidan ba sai an yi nema ba. Baba Magini da hannunsa ya gina shi wa kansa: bango mai kaurin bulo biyu, sili can sama, tagogi biyu suna kallon juna, ga bishiya ta tare masa rana daga yamma. Ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji kamar an shafa maka ruwa a wuya. Ranar da nake ja masa waya ya kalle ni daga kan gado ya ce, "Injiniya, naka sanyin sai da batir. Nawa da hankali aka gina shi." Muka yi dariya, na ce na sara masa.

Kwana uku bayan an kawo firiza na koma in haɗa mata nata layin. Na tarar da ita zaune a ɗakin Baba, fara sol, an goge ta har tana ɗaukar ido. Gadon babu. Na bi sawun jan ƙafafunsa a ƙasa har ɗakin ajiya da ke manne da katangar yamma, mai rufin kwano ba sili, mai 'yar taga ɗaya da ko kai ba ya shiga. Can na same shi tsakanin tsofaffin shebur da buhunan da ba komai a ciki.

Manaja ya riga ni magana. Na ɗan lokaci ne, in ji shi, kafin ya yi wa firiza rumfarta. Kuma ƙugin injin zai hana Baba barci, shi ba zai iya ganin haka ba. Matarsa ta ƙara da cewa abin da mutane za su sa a baki bai kamata ya kwana ɗaki ɗaya da fo ɗin mara lafiya ba, in masu saye suka gani shi ke nan. Sannan suka haɗa baki suka rufe da maganar da zan yi ta ji har ƙarshe: ai mai sola ne ya ce.

Raina ya sosu, amma me na yi? Na ja waya zuwa ɗakin ajiya, na ɗauko fankar na kafa masa, na ce wa kaina aƙalla yana da iska. Ina ɗaure soket Baba yana bin rufin da ido.

"Don siminti na yi ɗakin nan," ya ce. "Siminti ba ya son laima. Ka ga kuwa ko buhu ɗaya bai taɓa daskare mini ba."

Ya faɗa yana murmushi, ni kuma na kasa ɗaga kai.

Kasuwa ta buɗe wa Manaja. Kullum da hantsi mata na layi a ƙofar gida da kulolinsu, shi kuma yana tsaye da makulli a wuya yana miƙa ledojin ƙanƙara. Rumfa dai ko turke ɗaya ba a kafa ba. Sai zafi ya shigo da gaske, irin wanda kaza ke buɗe baki a inuwa.

Sati na bakwai ya kira ni a gigice: ƙanƙara ta daina daskarewa, inbata sai kuka take. Na je na tarar ya rufe tagogin nan biyu ruf ya buga musu katako, wai kada a zura hannu a yi masa sata. Na taɓa bayan firizar na janye hannu ba shiri. Na ce masa injin yana shaƙewa, iska yake so, ya buɗe tagogi. Na kuma ce kayan sun yi wa batir yawa, talabijin da dutsen guga su ne manyan masu ci, ya rage. Ya gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

Da na dawo bayan kwana biyar in duba, tagogi na nan a buge. Talabijin na nan yana ta surutu a zaure. Abin da ya canja ɗaya ne. Fankar Baba tana tsaye a bayan firiza, an saita ta kan injin, tana juyi da iya ƙarfinta.

Na tambayi abin da ya kawo ta nan. Manaja ya ce ai ni na ce tana son iska. Na ce taga na ce. Ya ce iska ai iska ce. Na ce to a sayo wa Baba wata. Ya ce ni ɗin dai na ce a rage kaya a kan batir, yanzu kuma in ce a ƙara? Matarsa daga bakin murhu ta ce dama iskar fanka tana tayar wa Baba da ciwon ƙashi, jiya ma ya ce ƙafarsa na tsami. Ƙafar da shekara biyu ko allura aka soka mata ba ta ji.

Na wuce su na shiga ɗakin ajiya. Ƙarfe biyu na rana ne. Ina da ɗan ma'aunin zafi a jakata da nake gwada batir da shi, na fito da shi, na ga lambar da ya nuna, na mai da shi jaka don kada Baba ya tambaye ni. Kwanon rufin yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Baba yana kwance ba riga, ƙurajen zafi sun feso masa daga wuya har ciki, zanin gadon ya jiƙe ya bushe ya bar shatin gishiri. Da na taimaka masa ya juya, na ga bayansa ya fara salewa wuri biyu. A gefen gado akwai jug na roba. Na taɓa, ruwan ciki ya isa a haɗa shayi da shi, kuma ko rabi bai sha ba.

Na tambaye shi me ya sa ba ya shan ruwa. Ya ce in ya sha sai fitsari, in fitsari ya zo sai ya kira, in ya kira kuma mutanen gidan suna da aiki. Gidan da ke fitar da ƙanƙara kula-kula kowace safiya, mai gidan yana auna maƙurwar ruwan ɗumi. Na leƙa na ce wa matar Manaja ta kawo masa ko leda ɗaya. Ta ce makulli na wuyan maigida, kuma duk abin da ke ciki da masu shi, an riga an yi alkawari. Ta rage murya ta ce ita ma ba daɗi take ji ba, amma an ce ruwan sanyi ba shi da kyau ga mai irin ciwonsa. Na ce wa ya ce? Ta koma bakin murhu. Wannan karon dai ba a samu bakin cewa mai sola ba.

"Injiniya," Baba ya kira ni da na juya zan fita. "Yaya baƙuwar? Tana jin daɗin ɗakin?"

Na ce tana fama.

"Dole ta yi fama. Sun toshe wa ɗakin hanci. Ka ce musu su buɗe ta gabas da safe, in rana ta juya su buɗe ɗayar. Haka ɗakin yake so."

Mutumin da aka kora daga ɗakinsa yana koya wa waɗanda suka kore shi yadda za su ji daɗinsa. Na juya na fita.

A ƙofar gida na tare Manaja. Na gaya masa abin da na gani ba tare da na tauna ba. Na ce ɗakin can ya isa ya ɗauki gado da firiza, ko a mai da Baba yau, ko in cire layina in tafi. Ya sha mur, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ubanka ne ko ubana?" ya ce. "Aikinka waya. Da ƙanƙarar nan ake saya masa magani, da ita ake ci a gidan nan. Wadda ta aiko ka tana can tana shan iska, ni ke ɗauke da shi."

Akwai gaskiya a ciki, kuma da wannan 'yar gaskiyar ya ɗaure sauran ƙaryar. Ya ƙara da cewa in na cire layin, masu sola sun fi ƙuda yawa a gari. Ban cire ba. Na ce wa kaina in na tafi, wa zai riƙa leƙa tsohon? Wannan ita ce tawa hujjar, kuma ba ta fi tasu tsabta ba.

Da yamma na kira 'yar. Ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta fara nata lissafin. Duk sati tana waya da Baba, kullum cewa yake lafiya lau. Yaya ya gaya mata na ɗan lokaci ne. Ita ƙanwa ce, mace, kuma tana nesa; in ta ɗaga murya a ce ta raina na gaba da ita don ita ta sa sola. Za ta aika kuɗi a yi wa ɗakin sili. Ta aika kuwa. Sati na zagayowa Manaja ya kira ni da fara'a ya ce ya ji shawarata, ya sayo faranti na biyar. Ni na hau rufi na ɗaura shi. Sai daga baya na san da abin da aka saye shi.

Ranar na leƙa Baba ban samu tsokana ba. Idonsa ya faɗa, leɓɓansa sun tsage, maganar ma sai na kai kunne. Na ce masa ina da wani ƙaramin faranti a shago da 'yar fanka da ba ruwanta da batirin kowa, zan kawo masa ranar Asabar in kafa da kaina. Ya ce Allah ya kai mu. Ranar Asabar wani babban aiki ya faɗo mini a wani ƙauye, na ce Lahadi. Lahadi ta zama Litinin. Ba wanda ya riƙe mini ƙafa.

Talata da azahar na iso da fankar ɗaure a bayan babur. Matar Manaja na tsaye a tsakar gida tana yarfe hannu, ta ce tun ɗazu take kiran Baba ba ya amsawa, maigida kuma ya shiga gari sayen leda, wayarsa ba ta shiga. Na faɗa ɗakin. Jikinsa ya yi zafi kamar bayan injin nan, kuma babu ɗigon gumi ko ɗaya, fatar a bushe ƙamas. Numfashi yake sama-sama, idonsa a buɗe amma ba ni yake gani ba.

Na ce ina makulli, ta ce yana wuyansa. Na koma ɗakin ajiya na ɗauko gudumar Baba da ke jingine bayan ƙofa, na nufi firizar, bugu biyu kwaɗon ya faɗi. Na kwaso ƙanƙara cike da hannu, muka naɗe a zani muka sa masa a wuya da hammata, muka jiƙa masa jiki. Ranar ce ƙanƙarar gidan ta fara taɓa jikinsa. Wani maƙwabci ya fito da motarsa muka kai shi asibiti.

Manaja ya same mu can. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka, kuka na gaske, ya riƙe hannun uban yana kiran Baba, Baba. Har na fara jin tausayinsa. Da muka fito baranda ya share fuska, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ka dai rufe murfin da ka gama ɗiba ko?"

Na rufe. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Hannuna da kansa ya rufe, saboda sabo.

Baba Magini ya cika washegari da hantsi. Aka dawo da shi gida kafin a gama shirin kai shi makwancinsa, aka tsaya cirko-cirko a tsakar gida ana tunanin inda za a shimfiɗe shi, ga rana ta take. Manaja ne ya yanke. Ya ce a kai shi ɗakinsa, can ya fi sanyi. Aka ɗauko gadon daga ɗakin ajiya, da ni a masu ɗauka, aka shiga da shi. Ko motsa firizar ba a yi ba. Gadon ya zauna a gurbinsa na dā jikin bangon gabas, tsakaninsa da ita taku uku cur, har da wurin da mutane suka durƙusa. Wani ya ce ɗakin ya yi duhu, aka ɓamɓare katakon tagogi, iska ta ratsa ta wuce kamar yadda mai ginin ya tsara. Wata tsohuwa daga cikin maƙwabta ta ga fanka tana hura bango, ta ɗauka kuskure ne, ta juyo da ita ta saita kan Baba.

'Yar ta iso bayan an dawo daga maƙabarta, ta faɗi tana cewa da ta sani. Matar Manaja ta ce kwana ne ya ƙare. Masu gaisuwa suka ce Baba ya yi haƙuri da jinya, an kuma yi haƙuri da shi, Allah ya saka wa Manaja da ya riƙe uba har ƙarshe. Aka yi ta zagayawa da ruwa mai ƙanƙara, kowa ya sha ya yaba. Ni ban sha ba, kuma kada wani ya ɗauka wannan wani abin kirki ne. Ƙin shan kofi ɗaya ba ya mai da kwana uku da na yi da fanka a shago.

Kwana ya ƙare, haka ne, ba mai ja da wannan. Amma ba kwana ne ya ja gado zuwa ɗakin siminti ba, ba shi ya buga katako a taga ba, ba shi ya juya fanka ta kalli bango ba. Mutane ne, masu hannu da baki, kowannensu da hujjarsa a shirye, kuma ko ɗaya a cikinmu bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba. Da ladabi aka yi komai. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in zaɓa masa firij ko firiza, kafin in tambayi faranti nawa gare shi sai na ce ya zagaya da ni gidan, in ga wa ke kwance a ina. Wasu suna jin haushi su nemi wani. Su nema.

Bayan kwana goma Manaja ya aiko a kira ni. Na je don in ɗauko fankata da na bari a tsakar gida. Na same shi a ƙofar ɗakin da sabon kwaɗo a hannu. Ya ce rayuwa sai haƙuri, kuma masu saye sun yi yawa, firiza ɗaya ta kasa. Yana so ya ƙaro ta biyu, in duba masa faranti nawa za a ƙara da inda ya kamata a ajiye ta.

Na nuna masa ɗakin ajiya da haɓa. Na ce ga wuri can ba kowa.

Ya dube ni kamar na zautu, har da 'yar dariya.

"Haba Injiniya, kai da ka san aiki. Wancan ɗakin? Ai ko sati ɗaya ba za ta yi a ciki ba."

Baba Magini ya yi kwana sittin da uku a ciki.